Muhawara: A Ɓoye Suna Ko A Bayyana?

Ungozoma, Bukuru: Ni dai ina nan a kan bakana. Zauren da muke son buɗewa don ma'aikatan lafiya su riƙa amayar da abin da ke cin ransu ba zai yi armashi ba sai an ɓoye sunaye. A WhatsApp lambar kowa a fili take. Ki rubuta cewa tun da mai naƙudar nan ta cika a hannunki barci ya ƙaurace miki, gari na wayewa ki tarar da maganarki a wayar wata a ɗakin canja kaya. Wa zai ƙara buɗe baki?

Likita, Rikkos: Anti, ai saƙonnin a kulle suke, ko kamfanin ba ya iya karanta su.

Ungozoma: Dakta, ba kamfanin nake tsoro ba. Wanda muke kwana aiki tare, mai ɗaukar hoton hira ya tura gaba, shi nake tsoro.

Nas, Farin Gada: Anti, ki yi haƙuri, a nan mun raba gari. In wani ya rubuto ƙarfe 2 na dare cewa ya gaji da duniya, kuma ba mu san ko wane ne ba, ƙofar wa za mu je mu ƙwanƙwasa? Sannan ta ina za mu tabbatar ɗan'uwanmu ne, ba ɗan kai rahoto ba?

Mai haɗa magani, Tudun Wada: Kada mu manta akwai doka. A Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta hana nuna wa masu matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa wariya. A Yunin shekarar Tinubu ya sa hannu a ta kare bayanan mutane.

Ungozoma: Malam, doka za ta hana a riƙa nuna ni da baki a ɗakin kwanciyar marasa lafiya? Da zarar an ce "ai tana da matsala", ko allura aka ga na zuƙa sai an sake dubawa.

Nas: To a raba. Mutum ɗaya ya duba lasisin duk mai son shiga, ya riƙe sunaye da lambobi shi kaɗai, mu kuma mu yi amfani da laƙabi. Telegram na ba da damar ɓoye lamba.

Likita: Na yarda, da sharaɗin kada ya zama shugaban kowa a wurin aiki.

Ungozoma: Kuma ba daga asibitinmu ba. A nemo masanin halayyar ɗan Adam daga waje, ya zo mu gan shi ido da ido. Kafin nan ba na rubuta komai.