Tawadar girafin ta isa ta kori azurfa?

Injiniya Auwal: Assalamu alaikum. Ni a ganina batun samar da tawadar girafin da yawa ya riga ya kammalu. Girafin falle ne siriri na kabon da ake ɓarowa daga girafait (baƙin abin cikin fensir), ana kuma buga layukan lantarki da tawadarsa kamar yadda ake yi da tawadar azurfa. Tun 2014 ƙungiyar Jonathan Coleman ta Kwalejin Trinity da ke Dublin ta nuna cewa injin markaɗe mai ƙarfi ya isa ya ɓare garin girafait falle-falle a cikin ruwa, har da bilendar kicin suka gwada. A 2017 masanan Kembirij suka tura girafait ta siraran ramuka da matsi mai tsanani, suka sami tawada mai giram 100 a lita, babu abin zubarwa. Saura masana'antu su saki azurfa.

Dakta Rabi: Wa'alaikumus salam. Injiniya, dubi alƙaluman. Ta Kembirij ɗin tana ɗaukar wuta wajen S/m 20,000 (S/m shi ne ma'aunin yadda abu ke ɗaukar lantarki). Azurfa zalla miliyan 63 ce, ko bugaggiyar tawadarta takan haura miliyan. A cikin falle guda lantarki gudu yake yi, amma dole ya tsallaka daga wannan ɓarɓashi zuwa wancan, kuma kowace mahaɗa tana da turjiyarta. Faɗaɗa tanki ba ya gyara mahaɗa.

Malam Sanusi: Ga kuma busarwa. NMP, ruwan sinadarin da ya fi riƙe girafin a cikin tawada, sai a digiri 202 yake tafasa, ledar PET da ake bugu a kanta kuwa ta lanƙwashe tun kafin nan, kuma Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da shi tun 2020 saboda illarsa ga lafiya. Masu sa itil selulos a matsayin gam mai riƙe ɓarɓashin, irin aikin Jami'ar Northwestern na 2013, sai sun gasa bugun a digiri 250 na minti 30 kafin gam ɗin ya ƙone. Takarda ba ta jure wannan.

Injiniya Auwal: Malam, an wuce nan. A 2018 a Manchester an yi da ruwan Cyrene a madadin NMP, wanda daga selulos na tsirrai ake samunsa, aka kai kusan S/m 71,000, aka buga eriyar RFID, wato ta alamar kaya da na'ura ke karantawa ta iska, ta yi aiki. Alamar da za a manna a kwali a yar gobe, me ya kai azurfa cikinta?

Dakta Rabi: Eriya, na'urar gano danshi, shimfiɗar ɗumama abu, duk na yarda. Inda ban yarda ba shi ne “babu abin zubarwa”. In ba a tace ba, kaso mai yawa ɓarɓashi ne mai kauri, alhali abin da ya haura falle 10 girafait ne. Binciken da aka yi a Singafo a 2018 ya auna kayan kamfanoni 60, akasarinsu girafin da ke ciki bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Bugun rariya, inda ake matsa tawada ta cikin raga, yana son tawada mai kauri, zai karɓa. Firinta mai fesawa kuwa, ramin kanta wajen maikiron 21 ne, ƙa'ida kuma kada ɓarɓashi ya wuce ɗaya bisa hamsin na ramin, wato kusan nanomita 420. Dole a wujijjiga a injin tacewa, mafi yawan garin ya kwanta a ƙasa, abin da ya rage kaɗan ne. Wanda ya tsallake matakin nan, kan firintarsa zai toshe.

Injiniya Zainab: A batir ma a yi hattara. Faffaɗan ɓarɓashi kwanciya yake yi idan aka matse ilektirod, ya tare wa litiyom hanya, sai cajin gaggawa ya yi rauni. Shi ya sa ake sa ɗan kaɗan, a haɗa da baƙin kabon ko siraran bututun kabon.

Injiniya Auwal: To, na janye azurfa daga layukan da ke ɗaukar wuta mai yawa. Amma a bugun rariya ina nan kan bakana, ko da rabinsa siririn girafait ne, in turjiyar ta yi daidai.

Malam Sanusi: Sai dai mai sayarwa ya rubuta hakan a takarda: yawan falle, faɗin ɓarɓashi, da turjiya a kaurin maikiron 25 bayan busarwa a zafin da PET ke ɗauka.