Ta ina ɗalibi zai shiga manyan tambayoyin fiziks?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum, malamai da yayyena. Ina shekara ta biyu a sashen fiziks na jami'ar KNUST a nan Kumasi, kuma abin da ya hana ni sukuni shi ne yadda ka'idar Einstein ta 1915 kan ƙarfin jan nauyi ta ƙi jituwa da ka'idar kwantum mai bayanin halayen ƙananan ƙwayoyi irin su zarra, alhali kowacce ta yi daidai a fagenta. Na kwashe watanni ina kallon laccoci a YouTube, amma da zarar na ɗauki biro sai kaina ya ɗaure. Ta ina zan fara?

Malamin Nima:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Saɓanin nan yana fitowa ne a inda nauyi mai yawa ya taru a wuri ɗan mitsitsi, kamar tsakiyar baƙin rami, wato wurin nan a sararin samaniya da ko haske ba ya kuɓuta daga jan nauyinsa, domin idan aka lissafa jan nauyi da dabarar da ta yi aiki ga lantarki, sai amsoshi marasa iyaka su riƙa ɓullowa, a kasa kawar da su. Sai dai kallon tela ba ya koya wa mutum ɗinki. Lokacin da nake jami'ar Legon, makonni uku na yi ina warware lissafin Schrödinger, wato tushen lissafin kwantum, na ƙwayar zarrar haidurojin, wani daren ma da fitilar waya saboda an ɗauke wuta, kuma sai da na cika rabin littafin rubutu kafin na gano cewa wata alamar ɗebewa da na yar tun a shafi na biyu ce take ɓata mini komai. A nan na fara fahimtar kwantum. Ka ƙware a kalkulas da aljabara tukuna, sannan makanikan Lagrange kan motsin abubuwa da lissafin Maxwell kan lantarki da maganaɗisu.

Yaya daga Asawase:
Na yarda da Malam, amma ina da ƙari, domin lissafi kaɗai ba ya yanke hukunci. A 1964 aka yi hasashen ƙwayar Higgs, mai alaƙa da yadda ƙananan ƙwayoyi ke samun nauyi, ba a gan ta ba sai 2012 a cibiyar bincike ta CERN da ke Turai, wato bayan shekara 48, ita kuwa ka'idar zare, mai neman haɗa jan nauyi da kwantum, duk da kyan lissafinta, har yau babu gwajin da ya tabbatar da ita. Saboda haka kada ka raina darussan ɗakin gwaji. Idan ka gama, akwai cibiyar nazarin lissafi ta AIMS a nan Gana, akwai kuma cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da ke Trieste a Italiya wadda Abdus Salam ya kafa, mai karɓar ɗalibai daga ƙasashe irin namu. Marigayi Farfesa Francis Allotey, masanin lissafi da fiziks ɗan Saltpond, a jami'arku ya koyar.

Ɗan Aboabo:
Na gode, Malam da Yaya, Allah ya ƙara ilimi. Malam, kafin in taɓa haidurojin, shin in fara da lissafin ƙwayar da aka tsare a cikin akwati?