An yi wa Innarmu aikin yanar ido, gani ya dawo ya sake dushewa

'Yar Domayo:
Salamu alaikum jama'a, kaina ya kulle. A Marwa muke. Innarmu ta daɗe da ciwon suga, ga yanar ido ta rufe mata ido biyu, jikokinta ma da murya take gane su. Yayanmu da ke Njamena ya ce a jira shi, damina ta wuce, rani ya wuce, shiru. Sai da na sayar da keken ɗinkina na kai ta asibiti, matarsa kuma tana yawo da ni a dangi wai neman suna nake. Aka yi mata aikin idon dama. Ranar da aka cire bandeji har zanen tabarma ta gani, ta fashe da kuka. Yanzu wajen wata guda, ta ce tsakiyar abu ya dushe, bakin ƙofa ma a lanƙwashe take ganinsa. Maƙwabciyarmu da aka yi musu rana ɗaya ga ta nan tana zura zare a allura. An sa mana ranar yin na hagu. In kai ta ko in fasa?

Alhajin Kasuwa:
Ɗiyata, yanar ce ta dawo, ba wani abu ba. Na ga irinsa ba adadi. Da leza ake gogewa, kafin shayi ya huce an gama.

Anti Nas, Garwa:
Alhaji, a yi haƙuri, yanar da aka cire ba ta dawowa. Jakar cikin ido da ake saka ƙwayar gani ta roba a ciki bayan an cire yanar ce kan dushe, shi ake gyarawa da leza, amma yawanci sai an yi watanni ko shekaru. Mai suga da layi ke lanƙwashe mata cikin wata ɗaya zuwa biyu, abin da za a fara dubawa kumburi ne a tsakiyar bayan ido. Masu suga sun fi samunsa, balle in sugan ya riga ya taɓa jijiyoyin jinin wurin, a da yanar ce ta ɓoye shi. Ƙanwata, idon yana ciwo? Ya yi ja? In eh, yau za ku koma, don ƙwayar cuta ba ta jira. Nawa sugan yake? Tana ɗiga magani?

Maman Biyu:
Ku dai bari. Babanmu hawan jinin ido gare shi, ba wanda ya gaya mana jijiyar gani ta riga ta mutu. Aka karɓi kuɗi, aka cire yana, har yau da ɗan jagora yake zuwa masallaci. Ni na sallama da asibiti.

Alhajin Kasuwa:
Shi ya sa nake cewa na gargajiya ma sun iya. Kakana da allura aka tura masa yanar, ya ga gari.

Anti Nas, Garwa:
Haba Alhaji! Yanar cikin ido take faɗawa, daga baya kumburi da hawan jinin ido su biyo. Su muke gani a makance.

'Yar Domayo:
Maganin ɗigawa ya ƙare, kuma zafi yake mata, shi ya sa ban sake saye ba. Na maƙwabciyar muke ɗan sa mata, ai aiki ɗaya aka yi musu. Suga kuwa, mutum mai shekaru ba a hana shi kununsa. Ni kaɗai nake fama, kada a ce sakaci na yi.

Anti Nas, Garwa:
Ba a raba maganin ido, wani yana ɗaga matsin ido ba ku sani ba. Ku koma a duba bayan idon kafin a taɓa na hagu. In sun ce sai ƙwararre, akwai asibitin ido na Magrabi kusa da Yawunde. Har yanzu ba ki ce ko yana ciwo ba.

Alhajin Kasuwa:
Yawunde kuma? Leza ce kawai, ku rubuta ku ajiye.

'Yar Domayo:
Kuɗin mota zuwa Ngaundere, sannan jirgin ƙasa, wa zai biya? Yaya ya kira ɗazu, wai kada a taɓa komai sai ya zo bayan Sallah.