Kashi 98.1 a BLAST: sabon jinsin bakteriya ke nan na samo daga lakar Wikki?

Ɗalibar digiri na biyu, Bauchi:

Assalamu alaikum malamaina. Ina neman a ɗora ni a kan hanya. Aikina a kan bakteriyar da ke cikin lakar maɓuɓɓugar Wikki ne, a Yankari. Na zuba giram 1 na laka a mililita 9 na ruwan gishiri mai kashi 0.85, na yi ta surkawa ɗaya bisa goma har sau shida, na shimfiɗa mililita 0.1 a farantan nutiriyen aga, wato abincin da ake shuka bakteriya a kai, na sa a inkubeta a digiri 37 na awa 48. Akwai wani koloni, wato tarin bakteriya da ya tsiro wuri ɗaya, mai launin ruwan madara da gefensa ya yi tsattsage. A madubin ƙara girma sanduna ne, gwajin rini na Gram ya nuna shuɗi-shuɗi, wato fositif, gwajin katalas kuma ya yi kumfa. An yi PCR, wato ninka DNA, na 16S, ƙwayar gadon da ake gane bakteriya da ita, an karanta jerin da firaima 27F, guntun DNA da ke fara karatun daga gefe ɗaya, aka turo mini haruffa 760. Da na sa a BLAST, manhajar da ke gwada jeri da waɗanda ke rumbun GenBank, na saman ya zo da kamannin kashi 98.1, an rubuta masa "Bacillus sp." Na karanta cewa duk abin da ya gaza 98.7 sabon jinsi ne. Shin zan iya rubuta haka a kundina, har in raɗa masa suna? In ba haka ba, me ya rage?

Malamin nazarin ƙananan halittu, Gombe:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki rubuta tukuna. Lambar nan ta isa ta sa ki ci gaba da aiki a kansa, amma ba ta isa hujja ba.

Fara da lissafi. Bambancin kashi 1.9 a haruffa 760 yana nufin haruffa 14 ne kacal suka saɓa. To, a ina suke? Karatun Sanger, wato irin wanda aka yi wa jerinki, kullum yana da datti a haruffa 30 zuwa 50 na farko, kuma yakan fara lalacewa idan ya doshi 700 zuwa 800. Idan goma daga cikin 14 ɗin nan a kai da wutsiya suke, kuskuren na'ura ne kike shirin raɗa wa suna. Ki nemi ainihin fayil ɗin da ke ƙarewa da ab1, ba rubutattun haruffa kaɗai ba. Ki buɗe shi da manhajar Chromas ko BioEdit, za ki ga tsaunuka masu launi huɗu. Inda tsaunin ya tsaya shi kaɗai, mai tsini, harafin ya inganta. Inda suka kwanta suka hau juna, ki yanke. Idan kuwa tun daga farko har ƙarshe tsaunuka bibbiyu ne a wuri ɗaya, mafi yawanci bakteriya biyu ne a cikin bututun, sai a koma faranti.

Na biyu, 760 rabi ne. Tsawon 16S ya kai kusan haruffa 1,500, kuma duk ma'aunin da kika karanta an gina shi ne a kan kusan cikakken tsawon. A karanta ɗaya ɓangaren da firaima 1492R a haɗa su, ki samu aƙalla 1,400. Idan tsakiyar ba ta haɗu da kyau ba, a ƙara da 518F da 800R.

Na uku shi ne inda ɗalibai suka fi faɗawa. "Bacillus sp." ba sunan jinsi ba ne, wani ne ya saka jerin da shi ma bai san ko mene ne ba. Rumbun GenBank yana karɓar abin da aka ba shi, akwai jerin da aka yi wa laƙabin kuskure da yawa. Kowane jinsi da aka amince da sunansa yana da samfurin ma'auni guda ɗaya, wanda aka ajiye da rai, kuma da shi ake gwada kowa. A BLAST akwai akwatin da za ki danna ya taƙaita binciken ga waɗannan samfuran kaɗai, ko ki sa jerin a shafin EzBioCloud. Lambar da ta fito daga can ita ce abin magana.

Game da 98.7 kuwa, a 1994 Stackebrandt da Goebel suka kawo kashi 97, a 2006 Stackebrandt da Ebers suka ɗaga shi zuwa 98.7, wani nazari na 2014 ya ce 98.65. Ma'anarsa ita ce idan kin gaza wannan da duk wani samfurin ma'auni, akwai kyakkyawan zaton sabo ne. Amma haye shi ba ya tabbatar da cewa tsoho ne. Bacillus cereus da Bacillus anthracis da Bacillus thuringiensis sun yi kama a 16S fiye da kashi 99, alhali ɗaya yana ɓata abinci, ɗaya yana kashe dabbobi da mutane, ɗaya kuma maganin ƙwari ake yi da shi. A wannan dangin, 16S bai cika raba gardama ba.

Ki kuma duba suna a LPSN, shafin da ke tara sunayen bakteriya da aka amince da su, kafin ki rubuta. A 2020 an rarraba dangin Bacillus, wanda muka sani da Bacillus megaterium yanzu Priestia megaterium ne, wasu sun koma Peribacillus da Cytobacillus.

Mai kula da ɗakin gwaje-gwaje, Bauchi:

Malam ya gama magana kan jeri. Ni abin da ya fi damuna shi ne farantin kansa, don idan bakteriyar ta mutu ko ta gauraya, duk sauran zance ya tashi a banza.

Malama, yau ɗin nan ki ɗauki koloni guda wanda ya ware, ki ja shi a sabon faranti, ki maimaita har sau uku, kowane karo daga koloni ɗaya. Bacillus yana yaɗuwa ya lulluɓe ƙananan da ke ƙarƙashinsa, ido ba ya gani. Ki yi Gram daga shukar awa 18 zuwa 24, domin idan ta tsufa takan saki launi ta ruɗe ki. Ki tabbatar da ɗigon KOH mai kashi 3: ki cakuɗa koloni a ciki na minti ɗaya, ki ɗaga waya a hankali. Idan ya yi yauƙi ya ja zare kamar miyar kuɓewa, Gram nagatif ne. Idan bai ja ba, fositif ne.

Sai ajiya. Giliserol ya zama kashi 20 zuwa 25 a cikin bututun bayan an gauraya, bututu biyar ko fiye, a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifiri. Kowa ya san halin wutarmu, don haka kada ki dogara da wuri ɗaya. Narkewa da sake daskarewa ne ke fasa ƙwayoyin, shi ya sa firjin da ke narkar da ƙanƙararsa da kansa bai dace da wannan ba. Ki ajiye wasu a kwalaben aga mai gangare a digiri 4, ana sabuntawa duk wata biyu zuwa uku. Tunda Bacillus mai yin ƙwan kariya ne, wato ƙwaya mai tauri da ke jure fari da zafi, akwai sauƙi: ki dafa busasshiyar ƙasa a otokilef, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin halitta, sau biyu a ranaku daban-daban, ki zuba mata shukar da ta yi kwana bakwai, ki bar ta ta bushe. A haka yakan daɗe ƙwarai ba tare da wuta ba.

Idan za ki koma Wikki, akwai gyara. Ruwan ɗumi ne, kusan digiri 31 yake dare da rana, ba tafasasshe ba. Digiri 37 zafin jikin mutum ne, nutiriyen aga kuma abinci ne mai maiƙo, su biyun sun fi taimakon masu saurin girma da waɗanda masu wanka suka bari, irin su Staphylococcus da Micrococcus. Ki ɗebi lakar can sama, kusa da inda ruwan ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, da sassafe kafin a fara shiga. Ki yi amfani da agan R2A, wanda abincinsa kaɗan ne, a digiri 28 zuwa 30, ki ba shi kwana 7 zuwa 14, wasu ma har sati huɗu. Ki sa saikuloheksimaid maikurogiram 50 a kowace mililita don hana fumfuna. Ƙananan kolonin da ke fitowa a makare kamar kan allura, a can aka fi dacewa da baƙo. A watan Maris da Afrilu faranti kan tsage kafin kwana goma, ki zuba aga mai kauri, mililita 25, ki naɗe bakin, ki kife shi. Kullum ki bar faranti ɗaya da ruwan gishirin surki kaɗai, idan wani abu ya tsiro a kansa kin san daga ina ya zo.

A bakin ruwan ki rubuta kwanan wata, lambobin GPS, zafi da pH. Takardar izinin ɗiban samfuri daga hukumar gandun kuma ki adana ta da kyau, za a neme ta gaba.

Ɗalibar digiri na biyu, Bauchi:

Allah Ya saka da alheri, malamai. Na karɓi fayil ɗin. Na yanke 40 a farko da 80 a ƙarshe, saura 640, tsaunukan tsakiya ɗai-ɗai ne. Da na gwada da samfuran ma'auni kaɗai, haruffa 8 suka saɓa, wato kusan kashi 98.8. Na sa giliserol, zan tura 1492R. Idan cikakken jerin ya tsaya a bakin iyakar nan, sai me?

Mai bincike kan jinom, Gombe:

Sai jinom, 'yar uwa, wato karanta dukkan DNA ɗin bakteriyar. Ko kin gaza 98.7 ko kin haye shi, tun daga ƙa'idojin da Chun da abokan aikinsa suka wallafa a 2018, kusan ba a karɓar bayanin sabon jinsi ba tare da shi ba.

Wajen cire DNA, bangon Gram fositif yana da kauri. Ki fara jiƙa ƙwayoyin da laisozaim, sinadarin da ke fasa bangon, miligiram 20 a mililita, digiri 37, minti 30 zuwa 60, kuma daga sabuwar shuka wadda ba ta fara ƙwan kariya ba. Awon tsabtar DNA na 260 bisa 280 ya zo kusa da 1.8. Ki gwada DNA ɗin a jel ki gani: layi ɗaya mai kauri can sama ake so, idan ya zama shafe-shafe har ƙasa, ya kakkarye. A karanta da na'urar Illumina, kowane wuri ya samu maimaici aƙalla sau 50, a harhaɗa da manhajar SPAdes, a duba cika da gauraye da manhajar CheckM. Akwai matakin da ake yawan tsallakewa: ki ciro 16S daga cikin jinom ɗin ki gwada shi da na Sanger ɗinki. Idan ba su zo ɗaya ba, an musanya bututu a wani wuri.

Daga nan ki ɗora shi a shafin TYGS, na cibiyar DSMZ ta Jamus, kyauta ne. Zai nemo miki samfuran ma'auni mafi kusa, ya ba ki dDDH, wato awon kamannin jinom biyu da ake lissafawa a kwamfuta. Iyakarsa kashi 70, lambar da aka gada tun 1987 lokacin da ake yin gwajin a bututu. Sai ANI, wato matsakaicin kamannin haruffa tsakanin jinom biyu, iyakarsa kashi 95 zuwa 96. Idan kin samu, misali, ANI 88 da dDDH 35 da mafi kusa, magana ta fito fili. Idan ANI ya faɗa tsakanin 95 da 96, sai an kawo wasu hujjoji masu ƙarfi. A zana bishiyar dangantaka da ɗimbin ƙwayoyin gado, kada a tsaya kan 16S.

Jinom bai ɗauke miki aikin benci ba. Za ki sayo samfuran ma'auni biyu ko uku mafi kusa, ki shuka su tare da naki a abinci ɗaya, rana ɗaya, ki gwada iyakar zafi, pH, gishiri, sukarin da suke ci, siffar ƙwan kariya da inda yake zama a cikin sanda. Kwafo sakamakonsu daga takardun wasu ba ya gamsarwa, don yanayin gwaji ya bambanta. Sunan da kayan gane bakteriya da sauri, irin katin API ko na'urar MALDI-TOF, za su ba ki kada ki ɗauke shi hukunci, rumbunsu ya fi cika da na asibiti.

Suna ba ya tabbata sai an ajiye samfurin da rai a cibiyoyin ajiya biyu a ƙasashe biyu daban, kowa yana iya nema a ba shi. Akwai DSMZ, akwai JCM a Japan, KCTC a Koriya ta Kudu, LMG a Beljiyam. Kowacce za ta ba ki takardar shaida. Saboda yarjejeniyar Nagoya kan amfani da albarkatun halittu na ƙasashe, wadda ta fara aiki a 2014, za su tambayi izinin ɗiba da na fitarwa daga ƙasa, a nan takardar da aka ce ki adana za ta yi rana. Sannan a wallafa a mujallar IJSEM, wadda ke tabbatar da sunayen bakteriya, ko a wata mujallar a tura sunan ya shiga jerin tabbatarwa na IJSEM. Sunan da Latin ake gina shi, na wuri yakan ƙare da ensis ko ense gwargwadon jinsin nahawu na kalmar dangin, ki sa wanda ya san nahawun ya duba miki.

A kundi, yanzu ki rubuta "Bacillus sp." da lambar samfurinki, ki faɗi tsawon jerin, mafi kusa da kasonsa, ki ce ana bukatar jinom.

Malamin nazarin ƙananan halittu, Gombe:

Na yarda da Dakta mai binciken jinom, sai dai a jerin matakai zan matso da ajiya gaba. Da zarar ANI ya nuna sabo ne, a fara cike takardun cibiyoyin nan, don sai sun shuka shi sun tabbatar yana da rai kuma tsantsa ne, abin kan ɗauki watanni. Za ki kuma ji labarin SeqCode, tsarin raɗa suna na 2022, wanda ke karɓar jinom a madadin samfuri mai rai. An yi shi ne musamman don waɗanda suka ƙi tsirowa a faranti. Naki yana tsirowa, ki bi tsohuwar hanya.

Kafin a kashe kuɗin jinom a kan guda ɗaya, ƙanwata, ki yi cikakken 16S na koloni 15 ko 20 masu siffa daban-daban daga farantan R2A, ki jera kasonsu, ki tura wanda ya fi nisa da samfuran ma'auni. Idan sakamakon 1492R ya zo, ki liƙa mana tsawon jerin da sunayen uku na sama.