Ɗafa-goshin Turanci ya ja min ƙara wajen shugaban makaranta

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni Hausa na karanta a NCE, amma da malamin Turancinmu ya tafi sai aka ce in riƙe 'yan JSS 1 kafin a samo wani. Yau wata biyar ke nan, ko sisi ba a ƙara min ba. Na koya musu ɗafa-goshi, wato ƙarin da ake liƙawa a farkon kalma, na ce in- korewa yake yi, kamar correct da incorrect. Sai na kawo inflammable, na ce abin da ba ya kamawa da wuta. Ashe mahaifin wata yarinya direban tanka ne. Ya zo da littafinta a hannu, ya ce kalmar ce rubuce da jan fenti a jikin motarsa, kuma fetur yake ɗauka. Ran Litinin zan ga shugaban makaranta, ko barci ba na iya yi. Me zan ce?

Tsohon malami: Wa'alaikumussalam Malama. Mutumin ya fi ki gaskiya. In- iri biyu ne, duka daga Latin. Na korewar yana rikiɗa: impossible, illegal, irregular, gwargwadon harafin da ya biyo shi. Ɗayan kuwa "cikin" yake nufi, shi ne a include da inflame, kuma daga nan inflammable ta fito. Mara kamawa da wuta non-flammable ake cewa. Ki amsa laifi kawai.

Maman biyu: Mu iyaye ne abin tausayi. Kuɗin makaranta kullum hawa yake, ɗana ya rubuta dissappear da s biyu, malaminsa ya ba shi maki.

Mai tambaya: Malam, ai littafin da suka ba ni haka ya ce, in- na nufin not. Ban ƙirƙira ba.

Ɗalibin jami'a: Anti, ki rabu da dokokin nan, ki sa su haddace kalma-kalma. Invaluable ma ai mai matuƙar daraja take nufi.

Tsohon malami: Yaro, hadda ba fahimta ita ta kashe mana ilimi. Malama, ke da kika san ma- na manomi daban da ma- na mabuɗi, wannan bai kamata ya ruɗa ki ba. Ki koma allo ki gyara a gaban yara.

Mai tambaya: In na gyara a gabansu wa zai ƙara yarda da ni? Kuma tun farko na faɗa musu ba fannina ba ne.

Maman biyu: To yaran fa, su wa zai gyara musu?