Jitar da na haɗa da damina ta tsage da shigowar hunturu, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni kafinta ne, shekarata 6 a shagon maigidana nan wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, gadaje da kujeru muke yi. Tun ina yaro kiɗan jita ke raina, musamman irin na Buzayen Agadez da 'yan uwanmu na Maraɗi ke turo mana a waya. Ranar da na ji cewa Mdou Moctar, makaɗin jita na Nijar, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko, sai na ce ni da zarto da katako ke gabana kullum ba ni da hujjar zama.

Na fara a Yuli, na gama a Satumba, bayan an tashi aiki nake yi. Wuya da baya da gefe na yi da maɗaci, fuskar kuma da wani farin katako da na saya sabo, na goge shi har ya dawo kaurin milimita 3. Tsirkiyar ƙarfe na sa. Da na kaɗa ta ranar farko har maigida ya ajiye aikinsa ya zo ya tsaya.

To shekaranjiya da dare ina kwance sai na ji ƙas! Na haska fitila, fuskar ta tsage daga ƙasan jaki (katakon da ke riƙe tsirkiyoyi a kan fuska) har gindi, tsawon taƙi guda, reza na shiga. Jakin ma ya ɗaga ta baya, takarda na wucewa ƙarƙashinsa, ga bakin ƙarafan da ke jere a wuya, inda ake danna tsirkiya, sun fito suna yagar hannu. Wallahi ban yi barci ba. Abin da ya fi damuna, wani abokina mai kiɗan biki ya riga ya ba ni kafin alƙalami in yi mashi tashi. Wannan za ta gyaru? Kuma mi na yi ba daidai ba, don kar in maimaita a ta mutane?

Wani mai gyaran kayan kiɗa, Katsina:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin komai tashi ka sassauta tsirkiyoyin nan yanzu. Tsirkiyar ƙarfe guda 6 tana jan jaki da nauyin da ya kai kilo 70, ta roba kuwa wajen 40. Kowace awa ka bar ta a ɗaure, ƙara ɓalle jakin take yi.

Za ta gyaru. Hannunka bai yi laifi ba, lokacin ne bai dace ba. Katako yana shan laimar iska ya kumbura, ya fitar ya tsuke, kuma ta faɗi yake wannan motsin, ba ta tsawo ba. Kai ka manna sandunan ciki a gicciye lokacin da fuskar ta ƙoshi da laimar Agusta. Hunturu ya zo, fuskar na son ta tsuke da milimita 2 ko 3, sandunan sun riƙe ta sun hana, sai ta yage. Ƙarafan wuyan ma haka ne: katakon ya tsuke, ƙarfe bai tsuke ba. Masu haɗa jita a Turai da Amurka suna tsayar da laimar ɗakin aiki tsakanin kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. Mu nan a Janairu takan faɗi ƙasa da 20.

Ka samu babbar leda ka sa jitar ciki, ka jiƙa soso ka matse shi sosai, ka sa a gwangwanin da ka huda, ka ɗaure bakin ledar. Kar ruwa ya taɓa katakon. Bayan kwana 7 zuwa 10 tsagar za ta haɗe, ka shafa farin gam na katako da yatsa kana danna gefe da gefe har ya shige, sannan ka manna 'yan ƙananan faci daga ciki, kamar girman farce, guda 3 ko 4, zaren katakonsu ya gicciye tsagar.

Wani dattijo mai sassaƙa gurmi da garaya, Daura:
Ɗana, Allah ya yi wa sana'arka albarka. Ni ban taɓa haɗa jita ba, amma na fi shekara 40 ina fama da itace da fata a garin nan, kuma akwai inda zan saɓa wa malamin da ya riga ni. Bayaninsa na dalili daidai ne. Amma in ka rufe tsagar da soso, ina jitar za ta zauna bayan nan? A Katsina za ta zauna, kuma hunturu zai dawo baɗi, bayansa ga bazara. Wata 7 ko 8 na shekararmu rani ne. Abin da ka rufe da laimar aro, rani zai sake buɗe shi, in bai buɗe nan ba ya buɗe gefensa.

Ni da nawa ne, yanzu da bakin yake a buɗe zan fere ɗan siririn tsinke daga ragowar katakon fuskar, mai kaifi ta ƙasa kamar bakin wuƙa, in shafa mashi gam in cusa a tsagar, in ya bushe in kankare ya yi daidai da fuska. Sai facin ciki ya biyo baya. In damina ta zo fuskar za ta ɗan tasa kaɗan, wannan ba ya kashe kaya. Mu ma fatar gurmi da damina takan saki har sai an nuna mata rana ko wuta, amma saki daban, fashewa daban.

Ta abokinka kuwa, yanzu ne lokacinta. Duk mannin da za ka yi, yi shi daga Disamba zuwa Maris. Abin da aka haɗa a bushe yana jure laima, wanda aka haɗa a jiƙe ba ya jure rani.

Mai gyaran kayan kiɗa:
Baba, na karɓa. In reza na shiga, tsinken ya fi. Soson nan na tsagar da ba ta wuce gashi ba ne. Sai dai ƙanena, ko bayan gyara kar ka rataye ta a bango inda iska ke bugawa, kar kuma ka bar ta cikin mota da rana.

Maganar jaki, tambaya ɗaya: ka yi fenti ko banish kafin ka manna shi?

Mai tambaya:
E yaya, sai da na gama banish ɗin fuskar gaba ɗaya sannan na ɗora jakin.

Mai gyaran kayan kiɗa:
To nan ne. Gam bai kama katako ba, banish ya kama. Ɗora tsumma kan jakin, ka ɗan ɗora dutsen guga mai ɗumi har gam ya saki, ka zura siririyar wuƙa a hankali ka ɗago shi. Zana gurbinsa, ka kankare banish da tsohon gam har farin katako ya bayyana, ƙasan jakin ma haka. Manna katako da katako, ka matse, ka bari kwana guda cur, tsirkiya kuma sai bayan kwana 2. Don Allah kar ka sa sufa gulu ko ka ɗaure da ƙusa. Ana kawo mani irin waɗannan, in na zo cirewa da naman fuskar suke tahowa. Bakin ƙarafan kuwa magagari ne kawai, 'yan mintoci.

Wata malamar makarantar koyon sana'a:
Sannu da ƙoƙari ƙanena. Ni kan katako zan yi magana. Sabon katakon kasuwa daga kudu ake kawo shi, cikinsa da ruwa ko da bayansa ya bushe. Ka yanka shi kusa da kaurin da kake so, ka jera da 'yan sanduna a tsakani cikin inuwa, ka riƙa ɗora shi a sikeli duk mako kana rubutawa. Ranar da nauyin ya daina raguwa, ya shirya. In kana sauri, nemi tsohuwar ƙofa ko durowa da ta shekara 20 a Katsina, ta gama duk motsin da za ta yi. Ka kuma duba bakin falankin: wanda layukansa suke tsaye, tsukewarsa kusan rabin ta wanda layukansa suke kwance ce.

Maɗacin da ka zaɓa daidai ne, danginsa ne ake fitarwa da sunan mahoganin Afirka ana yin jita da shi. Amma fuska ita ce muryar. Antonio de Torres na Sifaniya a 1862 ya haɗa jita da baya da gefen kwali, fuskar kaɗai ya yi da katako mai kyau, don ya nuna haka. Duk kuɗin da kake da shi, a fuska za ka zuba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sassauta tsirkiyoyin tun saƙon farko. Ragowar katakon fuskar yana nan ƙarƙashin benci, gobe in sha Allah zan fere tsinken kamar yadda Baba ya ce. Maigida kuma ya ce akwai tsohuwar durowa a bayan shago da mai ita ya bari tun tuni, zan kwance ta in duba layukan. Baba, in na zo Daura ranar Juma'a da jitar, za ka duba mani facin cikin kafin in mayar da jaki?

Dattijon Daura:
Ka zo bayan an sauko masallaci. Ka taho da ɗan madubi da fitila, sai da su ake ganin cikin.