Me ya sa aljanun sababbin littattafan almara ba su ba ni tsoro?

Mai Karatun Dare ya rubuta:

Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Tun bayan ƙaramar salla na gama littattafan almara biyu da wani ƙanena ya kawo mini daga Yamai, duka a fassarar Faransanci, kuma har yau ina juya su a raina, shi ya sa na kawo maganar gaban waɗanda suka fi ni daɗewa a irin wannan karatu.

Na farko shi ne A Master of Djinn na P. Djèlí Clark, wanda ya fito a 2021. Marubucin ya ɗauki birnin Alƙahira na shekarar 1912 ya sauya masa tarihi: wani malami ya buɗe ƙofar da ke tsakanin mutane da aljanu kimanin shekara arba'in kafin nan, aljanu suka shigo gari suka zauna, Masar ta yi ƙarfi da taimakonsu har ta fi ƙarfin Turawan Ingila. Jarumar labarin, Fatma, ma'aikaciyar gwamnati ce a ma'aikatar da ke kula da al'amuran aljanu da tsafi, kuma an ba ta binciken wani kisan gilla. Dare huɗu kawai na yi na ƙare shi, domin labarin yana da gudu da ban dariya, amma ko sau ɗaya tsikar jikina ba ta tashi ba. Aljanun suna sana'a, suna ciniki, ɗaya ma mai kula da ɗakin littattafan ma'aikatar ne, ana gardama da shi kamar yadda ake yi da magatakarda a ranar biyan albashi. Ni da na tashi a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, inda ake hana yaro ratsa tsakanin duwatsu da magariba ko zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, sai na ga an cire wa aljani abin da ya sa shi aljani.

Na biyu shi ne The Fifth Season na N. K. Jemisin, na 2015, wanda babu aljani ko ɗaya a cikinsa, amma shi ne ya hana ni barci. Duniya ce da ƙasa ke tsagewa lokaci bayan lokaci, toka ta rufe sama shekaru, shuka ta mutu, saboda haka kowane gari yana da rumbunansa da dokokin da kakanni suka bari kan wanda za a ciyar da wanda za a kora bayan ganuwa idan masifa ta sauka. A cikin wannan hali wata uwa ta dawo gida ta tarar mijinta ya kashe ƙaramin ɗansu ya gudu da ƴarsu. Na shaida yunwar 2005, na ga matan ƙauye suna shigowa Damagaram da ƙwarya babu komai, don haka maganar rumbu da rabon hatsi ba almara ba ce a wurina.

Tambayata ita ce: laifin marubucin farko ne, ko kuwa ni ne na shiga littafinsa da abin da bai yi mini alkawari ba? Kuma akwai wani sabon littafi da ya taɓa ɗayanku ta inda bai zata ba?

Malama daga Zengo ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Da izininka zan ɗan kare marubucin farko, domin ina ganin ka je kasuwar Dole neman abin da ake sayarwa a kantin magani. Clark malamin tarihi ne a wata jami'ar Amurka, kuma abin da ya dame shi ba tsoron magariba ba ne, mulkin mallaka ne. Tambayar da littafin ya ginu a kanta ita ce yadda duniya za ta kasance da a ce waɗanda aka mallaka ne suka riga samun makamin da ya fi na Turawa. Aljanunsa suna tsaye ne a gurbin injin tururi da bindiga mai ruwa, kuma ba a tsammanin inji ya tayar da tsikar jiki. Ni da na karanta shi, tunanina ya tafi ne ga Sarki Tanimun, wanda aka ƙera bindigogi da igwa a garin nan a zamaninsa, na ce da wani namu zai zauna ya rubuta Damagaram ta 1899 wadda sojojin Faransa suka iso suka tarar da ƙofa a rufe, da na saya ko nawa ne kuɗinsa.

Duk da haka akwai gaskiya a ƙorafinka, kuma ina jin tushenta shi ne wannan. Ga mai karatu a Landan ko Paris, aljani ado ne da aka ɗauko daga Dare Dubu da Ɗaya, daidai yake da dodo mai fitar da wuta ta baki. Mu kuwa akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunansu, akwai masu ruƙiyya a unguwanninmu, akwai ƴan bori da ke kiran iskoki da sunayensu. Abin da mutum ya yi imani da samuwarsa ba ya zama abin wasa a hannun baƙo ba tare da ya ji wani iri ba. Ɗalibaina mata a lise, wato babbar sakandare, sukan karanta labarin mayun Turai suna dariya, amma idan na ba su labarin da ya ambaci tsamiyar bayan gari, sai aji ya yi tsit.

Dattijon Birni ya amsa:

Ƴata Malama ta yi magana mai kyau, amma ban yarda cewa namu marubutan sun fi tsoron aljani ba. Ku koma ga Ganɗoki na Bello Kagara, ko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, waɗanda duka suka fito daga gasar rubutu ta 1933. Aljanun da ke ciki ana yaƙi da su, ana hira da su, ana shiga ƙasarsu a fito, kuma ba wanda ya karanta su ya kasa fita fitsari da dare. Gizo da Ƙoƙi ma haka suke. Bahaushe ya daɗe da raba aljanin tatsuniya da aljanin tsakar dare, shi ya sa ake rufe tatsuniya da ƙurunƙus, kowa ya san an fito daga wasa.

Abin da ya kama ka a littafi na biyu, ɗana, shi ne an biya farashi. A can duk mai ikon kwantar da girgizar ƙasa bawa ne a hannun masu mulki, ana tsoronsa, ana amfani da shi, ana kashe ƴaƴansa idan asiri ya tonu. Ikon bai zo kyauta ba. Ni a karatuna, duk labarin da jarumi zai ɗaga hannu kawai dutse ya tsage, bai rasa komai ba, nakan ajiye shi tun kafin rabi, ko Bature ya rubuta shi ko mutumin Kano. Kuma ba banza ba wannan littafi na Jemisin da biyun da suka biyo bayansa suka ci kyautar Hugo, babbar kyautar littattafan almarar kimiyya, shekara uku a jere, 2016 da 2017 da 2018, abin da ba wanda ya taɓa yi kafin ita.

Tunda ana maganar sababbi, kada a manta cewa Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, shekarar da aka sauka a kan wata, inda wani baƙo daga sama ya ɗauki yaro Kilba ya yi yawo da shi a sararin samaniya. Almarar kimiyya da Hausa ta girmi yawancinku, sai dai ba ta samu magada da yawa ba.

Ɗalibin Kimiyyar Ƙasa ya amsa:

Baba, na gode da wannan tuni, zan nemi littafin. Game da tambayar Yaya ta biyu, ni wanda ya taɓa ni ta inda ban zata ba shi ne The Three-Body Problem na Liu Cixin, ɗan ƙasar Sin, wanda fassararsa ta Ingilishi ta ci Hugo a 2015. Mutanen cikinsa ba su da wani armashi, wasu kamar an yanka su daga kwali, kuma akwai shafukan lissafi da suka kusa sa ni in daina. Amma akwai wata duniya a ciki mai rana uku, wadda ba a iya sanin yaushe za a yi ƙuna yaushe za a yi daskarewa, kuma halittunta sun koyi fitar da duk ruwan jikinsu su bushe, a naɗe su a ajiye a rumbu, sai lokaci ya gyaru a jefa su cikin ruwa su farfaɗo. Ina karanta wannan a watan Afrilu, famfon unguwarmu ya kwana shida bai ɗiga ba, jarkokinmu suna jere a layi tun asuba, sai na tuna gaiwa da ke shiga cikin laka ta yi rani duka tana jiran damina. Marubucin bai san Damagaram ba, bai ma yi niyyar rubuta mu ba, amma ya same mu.

Na kwatanta wannan da Shadow Speaker na Nnedi Okorafor, wanda ya fara fitowa a 2007 aka sake buga shi a 2023, kuma a Nijar ɗinmu aka kafa labarin, a shekarar 2070 a bugun farko. Na buɗe shi da zumuɗi saboda ban taɓa ganin sunan ƙasata a irin wannan littafi ba. Akwai yarinya Ejii mai jin maganar inuwa, akwai raƙumi mai magana wanda sunansa ke nufin albasa, abin da ya ba ni dariya ƙwarai, akwai tafiya cikin Sahara. Na ji daɗinsa, kuma ina girmama matar da ta tuna da mu tun ba a yayi. Sai dai na riƙa jin kamar ina kallon gidanmu ta tagar motar matafiya: ana ganin rairayi da rawani, ba a jin ƙamshin fura ko doguwar gaisuwar da ke cin minti biyar kafin a shiga magana. Littafinta Noor na 2021, mai makiyayi Bafillace da wata guguwar rairayi da ba ta kwantawa a arewacin Nijeriya, ya fi kusa da ƙasa a ganina, musamman inda ta nuna yadda ake ɗora wa makiyayi laifi tun kafin a ji ta bakinsa.

Mai Karatun Dare ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri. Malama, na karɓi gyara a kan Clark, zan sake karanta shi da idon tarihi, ko da yake har yanzu aljanin ɗakin littattafan nan bai kwanta mini ba. Baba, maganar farashi ta warware mini abin da na kasa faɗa, domin yanzu na gane cewa abin da ya hana ni barci shi ne lissafin da uwar nan take yi a kowace rana na abin da za ta sadaukar don ta kai ga ƴarta. Akwai kuma abin da na manta ban ambata ba: marubuciyar tana ba da labarin uwar ne kamar da ita take magana, tana cewa kin yi kaza, kin ga kaza. Na yi ta tunanin yadda zai kasance da Hausa, inda dole a zaɓi kai ko ke, namiji kamata ya yi shafi ɗaruruwa ana ce masa ke.

Ƙanena ɗalibi, idan kwafinka na littafin rana uku na takarda ne, ina roƙon aro na mako biyu, ni kuma in ba ka na Jemisin. Ina zama a shagon ɗinkin da ke kusa da masallacin unguwarmu bayan la'asar, zan aiko maka da kwatance.